Yadda Na Zama Mama Ɗebe

Matso kusa ka ji, don wannan ba labarin da ake ɗaga murya ba ne. Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ta tsakiyar damina ba, ranar da na tsaya gaban fasto da dattawan ikilisiya na rera waƙar lissafi, ba tulu, ba ganga, gumi na bin bayana. In ka taɓa shiga kasuwar Kafanchan ka ji masu tumatir suna kiran wata mata "Mama Ɗebe", to ni ce, kuma ga inda sunan ya samo asali.

Ni dai a aji huɗu na firamare na tsaya. Lissafina bai wuce na mudu da tiya ba. Amma Allah ya ba ni kunne. A zumuntar mata ni ke ba da waƙa, kuma sau ɗaya za a rera sabuwa a gabana ta zauna daram. (Maigidana, Baban Rifkatu, yakan ce da da kunne ake shiga jami'a da tuni na zama farfesa, sai dai bakina zai sa a kore ni a makon farko.)

Rifkatu ita ce 'yarmu ta fari. Aikin jinya take so tun tana ƙarama. Duk takardunta sun yi kyau, lissafi kaɗai ya tsaya mata a wuya, har sau biyu. Babanta kafinta ne, mutum ne marar yawan magana. Wata rana yana goge katako, ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Na uku shi ne na ƙarshe. In bai yiwu ba, gonar citta tana Kwoi tana jiran hannu." Ba mugunta ba ce, akwai ƙanne huɗu a bayanta.

Sai Ubangiji ya buɗe wata ƙofa. Ikilisiyarmu ta shirya lesin kyauta kowace Asabar don yaran da lissafi ya kayar. Aka ce a ƙarshen Agusta za a yi gwaji, biyar ɗin da suka fi ƙoƙari ikilisiya za ta ɗauki nauyin sake jarrabawarsu. Mai koyarwar shi ne Malam Bulus, tsohon malamin sakandare da ya yi ritaya, mutumin da ko gaisuwa yake amsawa kamar yana duba takarda.

Ga inda shaiɗan ya samu wurin zama. Malam Bulus maƙwabcinmu ne. Ɗakin da yake koyar da 'ya'yan masu hali, ran Talata da Alhamis, bango ɗaya ne da kicin ɗina, kuma bangon bai kai kwano ba. Hayaƙina na zuwa masa, karatunsa na zuwa mini. Da farko ba da niyya nake ji ba. Daga baya na lura cewa ranakun nan biyu tuwona ba ya nuna sai Malam ya tashi ɗalibansa.

Shi Malam yakan fara da Turanci, in ya ga idanu sun yi fari sai ya juya Hausa. A nan nake kama nawa. Haka na koyi abin da yake kira saukewa. Wai in x na ɗauke da ƙaramar lamba a ka, sai a sauke ta gabansa, a rage ɗaya a saman. Wannan bai ba ni wuya ba, na sha sauke wa mata kaya a bakin kasuwa. Sai kuma aka zo inda abu biyu ke manne da juna, ɗaya sau ɗaya, ya sa musu suna U da V. Nan ne Rifkatu ke ruɗewa kullum. Takan sauke su duka biyun lokaci guda, Malam ya ja mata jan biro daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Wata rana ina tuƙa tuwo na ji shi ta bango yana cewa, "Ba a sauke wa mutum biyu kaya lokaci ɗaya. Bar U, sauke V. Haɗa. Bar V, sauke U." Muciya na hannuna, sai na ji maganar ta hau kan tuƙin da kanta. Kafin tuwo ya nuna na gama waƙa:

Bar U, ki sauke V,
Haɗa, 'yata, haɗa,
Bar V, ki sauke U,
Lissafi ya zauna.

Na rera wa Rifkatu. Ta yi dariya har da riƙe ciki, amma Asabar ɗin da ta biyo ta dawo da goma bisa goma. Na ja mata kunne cewa kada kowa ya san ni na yi waƙar, don in aka sani za a tambayi inda na ji, kuma ban shirya a ce matar kafinta na satar karatu ta bango ba. Ta koya wa ƙawayenta biyar da ke zuwa gidanmu yin bita kowace Juma'a, a matsayin waƙarta. Ni kuwa sai in zauna gefe ina tsince wake, ina jin waƙata a bakin masu takardar sakandare, kaina na kumbura kamar ƙullin da ya kwana.

Alhamis ta ƙarshe kafin gwaji aka yi ruwa irin na Kafanchan, wanda in ya sauka a kan kwano ko kanka ba ka ji. Malam ya fara darasi ban ji farkonsa ba. Da ruwan ya ɗan tsagaita sai na ji muryarsa ta tashi, yana yi wa wani yaro faɗa: "Bar V, sauke U. Ɗebe. Ba haɗawa ba, ɗebewa. Sau nawa zan faɗa? Ɗebe, sannan bar U, sauke V." Ruwa ya sake kecewa, sauran maganar ta tafi da shi.

Ka san mu a zumunta muna da doka: in mai koyar da waƙa ta canja baiti, gyaran ƙarshe shi ake bi, ba a jayayya. Na ce a raina, ashe dattijon nan kuskure ya yi tun farko, ya gyara wa 'ya'yan masu hali, namu kuma sai sun faɗi ran Asabar. Har haushinsa na ji. Na kira Rifkatu kicin na ce, "Malam ya gyara. Ɗebe ne, ba haɗa ba."

Ta ce, "Mama, a littafina haɗa na rubuta."

Na ce, "Littafinki na wancan makon ne. Ni da kunnena na ji yau, sau uku. Kunnen nan ya taɓa ba ki kunya?"

Ta yarda. Yarinyar da ta faɗi sau biyu ba ta da sauran ƙarfin yin gardama da kowa, ko da uwar da ta tsaya a aji huɗu ce.

Washegari ƙawayen suka zo. Saratu, 'yar aminiyata, ta ɗaga gira ta ce ita fa ba ta gane ba, yaushe aka canja? Takardun tambayoyin da suke bita da su tsofaffi ne, shafin amsoshi ya daɗe da yagewa. Rifkatu ta waigo ta dube ni. Na gyaɗa mata kai daga kan tiren wake. Sai ta ce, "Malam ne ya gyara jiya." Da yake maƙwabcinmu ne, ba wadda ta ƙara tambaya. Suka wuni suna "ɗebe, 'yata, ɗebe", har na ga kamar ya fi daɗin rerawa.

Ran Asabar da la'asar Rifkatu ta shigo ba sallama. Ta ajiye jaka, ta tsaya a ƙofar kicin.

"Mama, haɗa ne."

Na ce me?

"Haɗa ne. Tambaya huɗu aka yi a kai, mu shida duk mun ɗebe, amsarmu iri ɗaya har ƙasa. Malam ya duba a gabanmu. Ya ce satar amsa ce. Ya tambayi wa ya fara, suka ce ni."

Na ce, "Kin gaya masa ni ce?"

"A'a. In na faɗa, za a san kina ji ta bango."

Ta ce an ce iyayen su shidan su tsaya gobe bayan sujada. Ta shige ɗaki. Ni kuwa, maimakon in zagaya gidan Malam, taku goma ne fa, sai na ce bari in bari zuciyarsa ta huce. Na ce wataƙila fasto zai yi addu'a a sallami kowa. (Matsoraci ba ya rasa ayar da zai jingina da ita.) Ko Baban Rifkatu ban gaya wa ba.

Ran Lahadi ban san abin da aka yi wa'azi a kai ba. Da zumunta ta tashi ba da waƙa, na ce maƙogwarona na ciwo. Bayan an tashi aka kai mu ajin makarantar Lahadi, inda akwai allo. Fasto ya zauna da dattawa biyu, takardar sunaye a gabansa. 'Yan matan shida aka jera su a benci ɗaya, mu iyaye a baya. Malam Bulus ya tsaya da takardun gwaji a hannu.

Ya ce, "Shekara talatin da wani abu ina riƙe alli. Yara kan yi kuskure, kowa da irin nasa. Amma mutum shida su faɗa rami ɗaya sau huɗu, ƙafa ɗaya, wannan ba kuskure ba ne. Ɗaya ce ta rubuta, saura suka kwafa."

Mama Saratu ta miƙe. Ita ba ta iya ajiye magana, kuma Hausarta ba ta raba mace da namiji. Ta ce, "Baba Fasto, yarinya na bai kwafa komai ba. Ya gaya mini Malam ne da kansa ya aiko da gyara ta hannun Rifkatu."

Malam ya cire tabarau a hankali.

"Ni?"

Ya juya wajen Rifkatu. "Ni na aike ki?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a, Malam."

"Kin ce musu na gyara?"

"E, Malam."

"Na gyara?"

"A'a."

"To wa ya gaya miki?"

Ina ganin bayan wuyanta daga inda nake, da ɗan kitson da na yi mata ranar Laraba. Hannuwanta na kan cinya, tana murza gefen zanenta. Ya sake tambaya, ta ƙi faɗin sunana.

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce abin ya wuce satar amsa, ya zama ƙarya da sunan malami, kuma wa ya sani ko da gangan ta yi don ta kayar da ƙawayenta. Wata uwa ta ce ai biyar ake nema, su kuma shida ne. Na ji maganar kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce bari dai in ga ko fasto zai sassauta.

Fasto ya dubi maigidana ya ce, "Baban Rifkatu, me ka ce?"

Ya tashi, hularsa a hannu. Ya ce, "Ban haifi maƙaryaciya da sanina ba. Amma in ta yi, ku cire sunanta. Gobe in sa ta a mota zuwa Kwoi."

Fasto ya zare murfin biro. Ƙarar murfin nan har yau tana kunnena. Ya sa yatsa yana bin sunaye, ya tsaya a kan nata. Rifkatu ba ta waigo ba. Da ta waigo ta dube ni, da wataƙila na ji sauƙi. Ba ta waigo ba, ta shirya tafiya gonar citta don kada a ce uwarta na laɓe.

Ban san lokacin da na miƙe ba, sai dai na ji benci ya yi ƙara.

"Baba Fasto, a dakata. Ni ce."

Duk aka juyo. Maigidana ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Ke ce me, Mama Rifkatu?"

"Ni na ce mata Malam ya gyara. Ni na canja waƙar."

Malam ya ce, "Wace waƙa?"

Na fara bayani, na shiga nan na fita can, na kawo tuwo, na kawo ruwan sama. Fasto ya ɗaga hannu ya ce bai gane komai ba, in akwai waƙa a rera a ji. Na ce ai ba sai an rera ba. Ya ce ai ni ke ba da waƙa a zumunta, kuma ya ga maƙogwaron ya warke.

Haka na tsaya, mace mai 'ya'ya biyar, da ɗankwalin zumunta a kaina, na ɗaga murya: "Bar U, ki sauke V..."

Abin da ya ƙarasa ni shi ne amshi. Mama Saratu, wadda ta gama yi mini kallon kura, shekara ashirin tana amsa mini waƙa, kuma ta wuni jin wannan a bakin 'yarta. Bakinta bai nemi izininta ba. Sai ji aka yi ta ce, "Ɗebe, 'yata, ɗebe." Ta toshe baki da hannu. Ɗaya dattijon ya juya yana kallon taga, kafaɗunsa na motsi.

Malam Bulus bai yi dariya ba. Ya ce, "A ina kika ji na ce a ɗebe?"

Na ce, "Ta bango."

"Wane bango?"

"Na kicin."

"Tun yaushe kike ji?"

Na dubi ƙasa ko za ta yi mini rahama ta buɗe. Na ce, "Tun bayan Ista."

Sannan ya ce, "Ran Alhamis rabawa nake koyarwa, U a sama, V a ƙasa. A can ake ɗebewa. 'Yan Asabar ba su kai wurin ba tukuna. Kin shiga gidan biki kin ɗauko waƙar, kin kai gidan makoki."

Na ce, "Ai U da V ɗin na ji iri ɗaya ne, Malam."

Ya ce, "Saratu nawa ne a ikilisiyar nan? Duk mijinsu ɗaya?"

A nan ne fasto ya kasa riƙewa. Amma biron na hannunsa har yanzu, kuma ni shi nake kallo. Na ce a yi mini duk hukuncin da za a yi, a sauke ni daga ba da waƙa in an ga dama, amma a bar sunan yarinyar.

Malam ya ajiye takardun, ya mayar da tabarau. Ya ɗauki alli ya rubuta a allo, ya miƙa wa Rifkatu. (Ita ta rubuta mini wannan da hannunta, kada ka ce na ƙara wani gyaran.) Ya rubuta x² sau (x + 3). Ya ce, "Manta da waƙa, manta da ni. Buɗe baka ki ninka su tukuna, sannan ki sauke."

Ta danna allin har ya karye. Ta ɗauki guntun. Ta ninka, ta samu x³ + 3x². Ta sauke, ta samu 3x² + 6x. Ya ce to yanzu ta bi ta hanyar U da V da ɗebewa. Ta bi, amsar ta fito daban, har da alamar ragi a gaba. Ya ce ta bi da haɗawa. Ta rubuta layi ɗaya, ta rubuta na biyu, sai ga 3x² + 6x ta sake fitowa. Ni da ban san komai ba na ga sun yi kama kamar tagwaye.

Malam ya ce, "Kin gani? Minti biyu. Hanyar gwadawa na hannunki tun ran Alhamis, kika ajiye ta kika ɗauki 'an ce'. Wannan ne laifinki, ba sata ba. Ko ni na faɗa, ki gwada. Ko uwarki ta faɗa..." Ya dube ni ta saman tabarau. "Musamman in uwarki ta faɗa."

Ya gaya wa fasto a soke gwajin, kowa da kowa ya sake ran Asabar. Fasto ya mayar da murfin biro. Sai a lokacin na zauna.

Muka kama hanyar gida har muka wuce layin dogo. Can Baban Rifkatu ya ce, "Shi ya sa tuwon Talata ke ƙauri." Rifkatu ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, na riƙe ta a bakin hanya muna yi tare, masu acaɓa na ratse mu.

An sake gwaji, ta zo ta huɗu. Saratu ta zo ta shida, kuma uwarta ta yi wata biyu tana amsa mini waƙa a zumunta ba ta amsa gaisuwata a waje. Ban ga laifinta ba, don mako guda yarinyar ta yi tana kankare waƙata daga kanta. Sai da aka samu wani ɗan ikilisiya ya ɗauki nauyin ta shidan muka shirya, kuma Mama Saratun ce ta raɗa mini sunan da ya bi ni har kasuwa. Rifkatu yanzu tana shekara ta biyu a makarantar jinya. In na kira ta a waya na ce an ce kaza na maganin kaza, sai ta ce, "Mama, ta wane bango?"

Na kai wa Malam kwanon citta da ban haƙuri. Ya karɓa, ya ce waƙar farko ba ta da laifi, har yana so in koya wa 'yan Asabar na bana, amma a gabansa. Bangon kuwa bai sa an toshe ba. Sai dai duk ranar da ya zo darasin rabawa, nakan ji ya yi gyaran murya ya ɗaga kai wajen kwano ya ce, "Mama Rifkatu, wannan ta rabawa ce, kada a rera." Ɗalibansa su yi ta dariya, ni kuma in ce "Na ji, Malam" in ci gaba da tuƙi.

Abin da na koya dai shi ne, kunnena bai yi mini ƙarya ba ko kaɗan, duk abin da na ce na ji an faɗe shi. Tsakiyar magana na kama, na ɗinka mata kai da ƙafa da zaren kaina, na kusa tura 'yata gona da ita. Yanzu in na ji rabin zance, nakan jira ruwa ya ɗauke.

To kai fa, tsakaninka da Allah, magana nawa ka taɓa ɗauka ta bango ka kai wa wani da rantsuwar "da kunnena na ji"?